Tankin murjani na farko: ku faɗa min inda kuka yi tuntuɓe

Mai Sabon Tanki:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekara huɗu ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi, yanzu zuciya ta raya min in gwada na ruwan gishiri, har da ɗan murjani. Wurin da nake da shi ba zai ɗauki abin da ya wuce tanki mai lita 40 ba. Na yi karance-karance har kaina ya ɗau zafi. Don Allah waɗanda suka riga ni, me ya same ku a watannin farko?

Baban Tagwaye:
Wa alaikumus salam. Ni da mai lita 40 ɗin na fara, kuma gishiri ne ya fara koya min hankali. Kullum sai in ga ruwa ya ɗan ja baya daga bakin gilashi, sai in ɗebo ruwan gishirin da na haɗa in cike gurbin. Wajen mako uku ina haka. Murjanina suka tsuke suka ƙi buɗewa, na rasa dalili. Da na auna, ma'aunin nauyin gishiri a ruwa ya nuna 1.031, alhali inda ake so shi ne 1.025 zuwa 1.026, wato kusan giram 35 na gishiri a kowace lita. Ashe ruwa ne kawai ke tashi ya bi iska, gishirin yana nan daram. Abin da ya ƙafe, da ruwa mara gishiri ake mayar da shi. Ruwan gishiri sai ranar canjin ruwa.

Ka yi lissafin da kanka, Malam. Bayan dutse da yashi sun ci wurinsu, ruwan da ke cikin tankinka bai fi lita 32 ba. Lita ɗaya ta ƙafe, gishiri ya tashi daga 35 zuwa 36. A babban tanki wannan ba a ma jin sa. Yanzu na manna ɗan salatif a gefen gilashi, kowace safiya ina cikawa daidai layin.

Ɗan Gaggawa:
Nawa gajere ne. Na haɗa tanki ranar Asabar, ruwa ya yi garau, ranar Talata na saka kifi biyu. Kafin wata Talatar duk sun mutu. Amoniya ce, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci. Idona ya ce ruwan lafiya lau yake, ni kuma ban sayi kayan gwaji ba.

Umman Yara:
Allah ya mayar da alheri, ƙanena. Ni tsoron irin wannan ne ya sa na bar nawa babu kifi har mako biyar. Dutse, yashi, famfo mai kaɗa ruwa da hita, shi ke nan. Na jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe a ciki domin bakteriya su sami abin ci. Amoniya ta tashi ta sauka, naitirait ta biyo baya ita ma ta tashi ta sauka, sannan naitiret ta fara bayyana, wato bakteriya sun fara mayar da gubar zuwa abin da bai kai ta illa ba. Sai da biyun farko suka nuna sifili kwana da kwanaki na yarda. Yarana kuwa sun ishe ni: "Umma, wai duwatsu kike kiwo?"

Abin da babu wanda ya gaya min shi ne munin da ke zuwa bayan nan. A mako na shida wata ƙura-ƙura ruwan ƙasa ta lulluɓe yashi da gilashi, na zaci tankin ya lalace, saura kaɗan in kwashe komai in wanke. Ashe gansakuka ce da ke rayuwa kan sinadarin silika na sabon yashi da dutse, idan ta cinye shi sai ta ja da baya. Na saka dodon koɗi guda huɗu, na bar ta. Ta tafi da kanta.

Tsohon Hannu:
Ni shawarata, in da hali ka nemi mai lita 75. Mutane na ɗauka ƙarami ya fi sauƙi, alhali shi ne mara yafiya. Zafi ma haka: ana so ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, ƙaramin tanki kuwa rana ɗaya mai zafi ta isa ta dafa shi. Na taɓa ɗora masa fanka, zafin ya sauka, amma ƙafewar ruwa ta ƙaru sosai.

Baban Tagwaye:
Gaskiya ne Yaya, amma ya ce wurinsa lita 40 zai ɗauka. Kuma ƙarami na da nasa daɗin: lita 4 nake canzawa duk mako, jarka ɗaya, minti goma na gama. Ban taɓa sayen injin tace kumfa ba, wanda ke fitar da dattin ruwa ta cikin kumfa.

Tsohon Hannu:
Na yarda, muddin ba ya tsallake mako. Sai dai ruwan da zai haɗa gishirin da shi ya zama tataccen ruwan RO/DI, wato wanda na'ura ta tace ta cire masa ma'adinai da datti. Shekarata ta farko da ruwan famfo na yi, ina zuba maganin kilorin ina ganin na gama. Fosfet da ke ciki ya haifar min da koriyar gansakuka mai kamar gashi, wata biyar ina tuge ta da hannu. Kuma duk maganin kifi mai jan ƙarfe, kada ya kusanci tankin. Yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, dutse kuma yana shanye shi.

Umman Yara:
Ƙari ɗaya kan murjanin farawa. Masu laushi sun fi haƙuri, kamar masu siffar laimar kwaɗi da zowantid, masu kama da ƙananan furanni a cure. Amma wasu daga dangin zowantid na ɗauke da dafi mai ƙarfi da ake kira palitoksin. Safar hannu da tabarau in za ka taɓa su, kuma kada ka kuskura ka tafasa dutsen da suka zauna a kai, dafin na bin tururi.

Mai Sabon Tanki:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Salatif da kayan gwaji sun shiga jerin sayayya. Kifin da nake so shi ne oselaris, mai ruwan lemo da fararen ratsi uku. Dole ne in saya masa animoni, halittar teku mai kama da fure, da zai riƙa shiga ciki?

Tsohon Hannu:
Ba dole ba ne, kuma kada ka fara da shi. Animoni na son tankin da ya yi aƙalla wata shida da haske mai ƙarfi, yana kuma yawo, in famfo ya tsotse shi ya mutu zai iya ɓata ruwan lita 40 a dare ɗaya. Nawa oselaris ɗin kusurwar da hita take suka zaɓa, a nan suke kwana. Ka sayi ƙanana guda biyu waɗanda aka ƙyanƙyashe a tanki, wanda ya fi ƙarfi zai girma ya zama mace. Ka sa murfi kuma, suna tsalle. Na taɓa tsintar ɗaya a bayan teburi da safe, ya bushe.