Neman shawara: in fara da Mass Effect 2 ko sai na buga na farko?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanan nan na sayi wasan bidiyo na Mass Effect Legendary Edition, wanda aka fitar a 2021 ɗauke da wasannin uku wuri guda, sai dai aiki ba ya bar mini fiye da awa ɗaya ko biyu da daddare, shi ma sai in an kawo wuta. Abokaina sun ce na biyun ya fi na farko nesa ba kusa ba, don haka in tsallake na 2007 in shiga na 2010 kai tsaye. Shin da gaske ya fi shi, ko kuwa kyan gani kawai ya ƙara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan daɗin bugawa kake nufi, abokanka sun faɗi gaskiya. A na farko bindiga ba ta ƙarewa da harsashi, zafi take ɗauka ta tsaya, sai ka ɓuya kana jiran ta huce alhali ana ta harbinka. Jakar kaya kuma takan cika da makamai da sulke masu kama da juna, har mutum ya ɓata lokaci mai yawa yana tantance na sayarwa. Ga motar nan Mako da ke tsalle-tsalle a kan duwatsun duniyoyin da babu komai a cikinsu, ga kuma doguwar tsayuwa a cikin lif a Citadel, babbar tashar sararin samaniya ta wasan. Kamfanin BioWare na Kanada, mai yin wasan, ya share kusan duk waɗannan a na biyu, faɗa ya yi sauri, kowane aiki kuma yana da wurinsa da aka tsara da kyau.

Amsa ta biyu:
Malam, ban ƙi ta taka ba, amma akwai gyara. Abin da suka share ai da shi aka san irin wannan wasa, wanda mutum ke gina jaruminsa da hannunsa. A na biyu an rage fannonin ƙwarewa ƙwarai, kowanne mataki huɗu ne kacal, makaman ma 'yan kaɗan ne, har wasan ya fi kusa da na harbi zalla. Ta fuskar labari kuwa, farautar Saren, mugun labarin, a na farko tana da kai da gindi, tana tafiya da kai daga wannan sirri zuwa wancan. A na biyu an tarwatsa jirgin sararin samaniyarka, Normandy, tun daga buɗewa, wata ƙungiya mai suna Cerberus ta farfaɗo da Shepard, jarumin da kake bugawa da shi, bayan shekara biyu, daga nan mafi yawan lokacinka tara mayaƙa kake yi. Kuma wanda ya yi ƙorafin Mako, to ya jira ya ga yadda ake laluben ma'adinai a duniyoyi ɗaya bayan ɗaya, aikin da ni kam ya sha sa ni gyangyaɗi.

Amsa ta uku:
Ƙanina, duka biyun sun faɗi gaskiya, amma sun bar abin da ya shafe ka. Tara mayaƙan da ake rainawa shi ne ƙarfin na biyu, domin kowannensu yana da wata damuwa tasa da zai nemi ka taya shi warwarewa, kuma yadda ka yi da su, da gyaran da ka yi wa jirgi, da wanda ka ɗora wa kowane nauyi, su ne za su yanke wanda zai rayu a aikin ƙarshe, har shi Shepard ɗin yana iya mutuwa. Sai dai wannan nauyin ba ya zama a zuciya sosai sai ga wanda ya san mutanen tun farko. Haɗuwa da mayaƙa irin su Garrus ko Tali a na biyu haɗuwa ce da tsohon aboki idan ka yi tafiyar farko da su; idan ba ka yi ba, baƙi ne kawai. Wasan yana karɓar ajiyarka ta na farko, saboda haka hukuncin da ka yanke tsakanin mayaƙanka biyu a duniyar Virmire, da makomar wani mayaƙinka mai suna Wrex, da ta majalisar Citadel, duk suna biyo ka. Akwai gajeren labari mai zane da ake kira Genesis wanda ke ba ka damar zaɓar manyan hukunce-hukuncen cikin 'yan mintuna, amma zaɓe tsakanin mutum biyu da ba ka taɓa zama da su ba ai kamar jefa kwabo ne. Tunda sabon bugun ne a hannunka, an gyara harbi da tuƙin Mako, an kuma rage jiran lif. Ka bi babban labarin na farko, ka bar yawancin duniyoyin gefe.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Yaya, Allah ya saka da alheri. Zan fara da na farkon. Akwai abin da ya kamata in kiyaye tun yanzu, ba tare da an tona mini labarin ba?

Amsa ta uku:
Ka riƙa zuba maki a fannin lallashi ko na tsoratarwa tun da wuri, ɗaya ya isa, kuma ka yawaita hira da Wrex a cikin jirgi kafin ka sauka a Virmire.