Batirin jirgina ba ya jimawa, in sa babba ko zan ƙona shi?

Sabon_Matuƙi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan jirgin rimot irin na koyo, na soso, faɗin fiffikensa ya ɗan haura mita ɗaya, batirin da ya zo da shi LiPo (batirin lithium mai caji) 3S 1300mAh ne. Da na fara jin daɗi sai farfela ta yi sanyi dole in sauko, ga caji kusan awa guda in ma an kawo wuta. Na ga 3S 2200 da 4S 2200, wanne zan saya? Wani ya ce min 4S ya fi ƙarfi.

MaiGyaranRediyo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka rabu da 4S ɗin nan tukuna. Lambar mAh ita ce yawan cajin da batir ke riƙewa, S kuma yawan sel ne, kowanne 3.7V, kenan 3S 11.1V ne, 4S kuwa 14.8V. Ka ƙara wuta moto zai ƙara gudu, farfela ta ja wuta fiye da abin da aka yi lissafi, in ESC ɗinka (na'urar da ke sarrafa gudun moto) bai kai ba sai dai ka ji ƙauri jirgi na sama. Duba jikinsa, a rubuce yake, in ka ga 2-3S to magana ta ƙare. 3S 2200 kam wutarsu ɗaya da naka, moto ba abin da ya dame shi.

Baban_Fiffike:
Gaskiya ne, amma ni abin da nake ji maka nauyi ne. 1300 bai cika wuce giram 120 ba, 2200 kuma yana kaiwa wajen 180, a ɗan jirgi irin naka ba wasa ba ne. Ka sa shi a ciki, ka ɗora jirgin kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike daidai inda takardarsa ta nuna, yawanci kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku na tazarar bakin gaban fiffiken zuwa bakin bayansa, in ka auna daga gaba. Hanci ya ɗan sunkuya kaɗan ba laifi, amma in wutsiya ce ta rinjaya kar ma ka tashe shi, matsar da batirin gaba, don wallahi jirgi mai nauyin baya sai ya yi ta ɗaga kai yana faɗowa kana danna rimot kamar ba kai ke tuƙi ba. Kuma ka ɗaure shi da kyau kar ya zame a sama. Sauka ma za ta ƙara gudu, in ka rage wuta da yawa yadda ka saba zai faɗi.

Hajiya_RC:
Ni dai in ka ji tawa, sayi 1300 guda biyu ka riƙa canzawa har hannunka ya faɗa. Jirgi mara nauyi ya fi yafe wa ɗan koyo. Kuma kar ka bar batir cikin mota a rana, yana kumbura.

Sabon_Matuƙi:
Na gode sosai, Allah ya saka. Na duba, 2-3S aka rubuta. Amma kan wayar 2200 ɗin rawaya ne, bai shiga nawa ba.

MaiGyaranRediyo:
XT60 kenan, sunan irin wannan kan wayar. Nemi adafta ko a canza maka kai, amma mai soda ya yanke waya ɗaya-ɗaya, don in ja da baƙi suka haɗu wuta za ta tashi nan take. Cajin 2200 ɗin kuma kar ka wuce 2.2A a caja.