Neman kalmar Hausa: me za mu kira "gain" na mikisa?

Mai mikisa, Mabera:

Salamu alaikum masu harkar sauti. Akwai abin murɗawa na farko a kan kowane layin mikisa (na'urar da ke haɗa sautin makirfo da na kayan kiɗa kafin a tura wa lasifika), wanda aka rubuta wa GAIN, mu kuma muke ce masa gen. Sunansa nake nema da Hausa, kuma ba don ƙawa ba. Yaran da muke koya wa aiki bolum suke ce masa. Wanda ake ja sama da ƙasa shi ma bolum. Na jikin jita bolum, na akwatin da mai jita yake takawa bolum. Abu huɗu suna ɗaya, shi ya sa in ka ce wa yaro ya rage, sai ya rage wanda hannunsa ya fi kusa da shi.

Inda abin ya fi cizo wajen jita ne. Yanzu da yawan masu jita ba sa ɗauko amfilifaya zuwa wurin biki. Akwatin taku suke zuwa da shi, irin su Boss GT-1 ko Zoom, wanda aljihunsa ya yi nauyi kuma Line 6 Helix, a ja waya daga nan kai tsaye zuwa mikisa. To abin da ke fitowa daga makirfon mawaƙi ɗan mitsitsi ne, 'yan milibolt. Na akwatin jita kuwa, in an saita shi a matakin layi, yana iya haura bolt guda. Ma'aunin da manyan kayan sauti ke aiki da shi, +4 dBu, kusan bolt 1.23 ne. Sai a zo layin da aka bari a gen 40, wato ƙarin desibel 40 a ma'aunin sauti, saboda makirfo, a zare makirfon a cusa wayar jita. Kafin a gama bugun farko fitila ta yi jawur, sauti yana tsagewa. Yaro ya kama na ƙasa ya sauke. Ƙara ta ragu, tsagewa tana nan daram, domin tun a bakin shiga aka yi ɓarnar, kafin na'ura ta mayar da sautin lambobi. A mikisa ta dijital, a mitar da ke nuna tsayin sauti, sifili ne iyaka, 0 dBFS, babu komai a samansa. Abin da ya kai can ya tsage ke nan, babu maɓallin da zai ɗinke shi.

Da gen yana da sunansa daban, da yaron ya san inda zai kai hannu. Ku kawo shawara.

Ɗalibi, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo:

Yallaɓai, ai fassararsa riba ce. Mu ce ribar sauti mana.

Mai mikisa, Mabera:

Ƙanena, ribar nan ta kasuwa ce. Je ka ce wa Basakkwace ya rage riba ka ga ko zai saurare ka.

Mai hayar kayan sauti, Gawon Nama:

Ni ban ga abin wahala ba. Mun ari makirfo, mun ari rediyo, mikisar ma aro ce. A bar shi gen. In kuma dole sai Hausa, a ce ƙarfi.

Mai mikisa, Mabera:

Alhaji, aro ba laifi ba ne, ni ma ban ce a nemo wa mikisa wani suna ba. Amma wannan aron ya tarar da mai gida. Rubuta wa yaronka a waya cewa ya rage gen, wajen janareto zai nufa. Ƙarfi kuma shi ne ainihin ramin da muke son fita. Lasifika tana da ƙarfi, amfilifaya tana da ƙarfi, murya tana da ƙarfi. Duk wanda ya ji ƙarfi zai ɗauka ƙara ake nufi, sai ya murɗa shi duk lokacin da uwar biki ta ce ba ta jin kiɗa.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Runjin Sambo:

Ɗiyana, ku bar sunan Turanci, ku dubi aikin abin. Sauti na zowa bai kai awo ba, shi ka cika shi. Wanga ciko na. In kat tahi awon gero, mudu bai cika ba, sai a yi ma ciko hal shi kai baki. In mudu ya zo cike, ko ƙwara kaƙ ƙara, ƙasa za ta zuba. Makirho bai kawo ko rabin mudu, shina son ciko da yawa. Akwatin jita cike shika zowa. Sa'ad da munka yi aiki da na'urori masu allura, allura na wuce sihili kaɗan ta taɓa ja, ba a ji komi ba. Na yanzu ba su da wanga haƙuri.

Mai mikisa, Mabera:

Baba, Allah shi ƙara girma. Wannan ta zauna mini, bari in faɗi dalili.

Na gwada ta a baki kamar ina filin aiki. Cikonka ya yi yawa. Layin jita ba ya son ciko. Ciko nawa ka ba makirfon ganga? Duk sun fita ba gargada, kuma tana ɗaukar lamba: ciko 40, ciko 10. Abin da ya fi burge ni shi ne kalmar da kanta tana koyar da aikin. Wanda ya ji ciko ya san akwai awon da ake son a kai, ya san kuma yawansa ya danganta da abin da aka kawo. Mu awonmu a mikisa ta dijital shi ne mita ta riƙa wasa a wajen -18, in aka yi bugu mai zafi ta leƙa -10 ta dawo. Ba a neman ja.

Ta kuma kama ɗaya cutar, wadda ta fi ɓuya. Mai jita ya bar bolum ɗin akwatinsa a ƙasa-ƙasa, mai mikisa ya ga mita ba ta motsi, ya yi ta murɗawa har 50. Jita ta fito, amma ta fito da rakiya: wani shuuu da ba ya yankewa, da gurnanin wuta a ƙarƙashinsa, wanda a ƙasar nan kan 50 Hz yake, daidai da bugun wutarmu. Ciko ba ya zaɓe, duk abin da ya tarar a waya shi yake ɗagawa, har dattin. Maganin a nan ba a mikisa yake ba. Mai jita ya ɗaga nasa, kai ka rage ciko. In gurnanin bai tafi ba, a saka DI, ɗan akwatin da ke daidaita sautin jita da mashigar makirfo ta mikisa, a tsakani a danna maɓallin da ke raba wayar ƙasa, wato ground. A leƙa maɓallin 48V kuma, mai tura wuta daga mikisa ta cikin waya. In ba DI mai buƙatar wuta ba ce a layin, a kashe shi.

Sannan ciko sau ɗaya ake yinsa, lokacin gwaji, a ɗauke hannu. Lasifikan da ke gaban makaɗa daga bayan ciko suke ɗiba. Ka taɓa shi ana tsakiyar kiɗa, ka canza wa mai jita abin da yake ji, ka canza wa mai ganga, kowa ya juyo yana hararar ka.

Mai gyaran lantarki, Ƙofar Rini:

Malam, akwai gyara. A Behringer X32 abin nan daga -12 yake farawa ya kai +60. In ka sauka ƙasa da sifili ai ba ciko kake yi ba, ɗiba kake yi.

Mai mikisa, Mabera:

Gaskiyarka injiniya. Ƙasa da sifili ragi ne, kuma muna da kalmar. Ita ce ma za ta yi mana maganin maɓallin PAD da ke jikin DI da wasu mikisoshi, wanda galibi desibel 20 yake zabgewa: maɓallin ragi. Amma sunan abin murɗawar ya zauna a ciko, tunda kusan dukan tafiyarsa sama da sifili take.

Mawaƙiya, Arkilla:

Ku dai ku yi hankali. Ranar da kuka ɗaga murya a zauren biki kuka ce cikon ya yi yawa, ƙawayen amarya ne za su fara waige-waige.

Mai mikisa, Mabera:

Hajiya, likitan haƙori ma ciko yake yi, ba a taɓa kai ƙararsa ba. Za mu faɗa a hankali.

Mai jita, Tudun Wada:

Maigida, ni a akwatina ma akwai GAIN a kowane saiti. In na murɗa shi ƙara ba ta wani ƙaruwa sosai, murya ce take canzawa, ta yi kaushi irin na masu jitar Agadas. Shi ma ciko ne?

Mai mikisa, Mabera:

A'a, kuma ka riga ka raɗa masa suna da bakinka: kaushi. Asalinsu ɗaya, domin shi ma tura sauti ake yi fiye da abin da amfilifaya za ta ɗauka, sai dai kai da gangan kake yi don daɗin kunne, kuma akwatin kwaikwayonsa yake yi. Tsagewar mikisa ba mai son ta. Raba sunayen nan zai kashe rigima da yawa, domin sau tari in mai mikisa ya ce a rage gen, mai jita yana jin an ce ya ɓata muryar da ya kwana yana gyarawa.

Tunda ka shigo, ga abin da muke so daga wajenku. Saituttukanku ba sa zuwa daidai. Na farko mai taushi ne, na biyu mai kaushi, na uku na lokacin da za ka yi kiɗa kai kaɗai, kowanne da tsayinsa. Mai kaushi a matse yake, mita ba ta tsalle amma kunne yana jin sa da ƙarfi. Mai taushi kunne yana jin sa ƙasa, amma duk bugu mita sai ta yi sama. Ka zauna a gida ka daidaita su da kunne, na kiɗan kaɗaici ya ɗara sauran da desibel 3 ko makamancin haka. Wurin gwaji ka ba ni mafi zafinsu, ka buga yadda za ka buga in wuri ya ɗau zafi, ba shafa-shafar da kuke yi da la'asar ba. A kansa zan yi ciko. Ka kuma duba inda akwatin ke tambayar ina sauti zai tafi. A Boss za ka ga LINE/PHONES, shi za ka zaɓa in mikisa za ka shiga kai tsaye, in ba haka ba jitarka za ta fito da wani zizar da ba ruwansa da ciko. Da hunturu kuma a goge bakin waya. Ƙurar Sakkwato in ta shiga jak tana ƙaras-ƙaras, a yi ta zargin mikisa.

Mai jita, Tudun Wada:

Na ji, maigida. Amma ku ma ku gyara ɗaya. In ka ce a sauke feda, ni abin da ke ƙarƙashin ƙafata na sani, irin na keke. Yaronka kuma abin ja na mikisa yake nufi. Mu biyu muke saukewa lokaci guda, jita ta ɓace gaba ɗaya.

Mai mikisa, Mabera:

Wannan ba sai an kira taro ba: fedar ƙafa taka, fedar hannu tawa. Na rubuta ciko, ragi da kaushi a takarda zan manna a murfin akwatin mikisa, yara su fara da su a aikin Asabar. Baba, saura tazarar nan da muke bari tsakanin -18 da sifili. Rara nake ce mata, ban sani ba ko kana da wadda ta fi ta.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Runjin Sambo:

Rara abin da yar rage na bayan an gama. Wagga tun ba a hwara ba aka barin ta. Ku ce sarari.