Yaron da nake ɗaukar nauyinsa a sinuka ya watsa mini ƙasa a ido: in sallame shi ko in riƙe shi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon sayar da wayoyi da gyaransu a nan cikin garin Gombe, kuma yau kwana biyar ke nan wata magana ta hana ni sukuni.

Akwai ɗan maƙwabcina, shekararsa 20, a gabana aka haife shi, Bappa yake ce mini. Allah ya ba shi hannu a sinuka. Duk wanda ke zuwa tebura a Jekadafari da Bolari ya san in yaron nan ya kama sanda, abokin karawarsa sai dai ya nemi wurin zama. Shekara guda da ta wuce na ce zan riƙa ɗaukar nauyinsa. Na saya masa sanda tasa ta kansa, irin mai ɗaurewa gida biyu, na buga masa riguna da sunan shagona a baya, ina biya masa kuɗin shiga gasa da na mota in za a fita wajen gari. Ba zan ɓoye muku ba, na ga amfanin abin, don samarin da ke binsa kallo da yawansu a wurina suke sayen caja da gilashin waya yanzu.

Ranar Asabar aka yi wasan ƙarshe na wata gasa da matasa suka shirya. Saura masa ƙwallo ɗaya kafin baƙa, wadda ake rufe wasa da ita. Ya miƙe a kan tebur zai buga, sai bakin rigarsa ya taɓa ƙwallon abokin karawarsa. Alƙali ya ce fawul. Wancan ya ɗauki fara, ƙwallon da ake bugu da ita, ya share tebur, ya jefa baƙa, wasa ya ƙare. Sai yaron nan ya haukace. Ya maka sandar a gefen tebur ta karye, tsinin ya yaga ƙyallen tebur, ya zagi alƙalin, dattijon da ya isa ya haife shi, ya ƙi ba abokin karawarsa hannu, ya tuɓe rigar ya jefar ya fita. Wani ya ɗauka a waya. Zuwa dare bidiyon ya zagaye WhatsApp, kuma abin da ya fi fitowa sarai a ciki shi ne sunan shagona.

Yanzu mai tebur yana neman kuɗin ƙyalle a wurina. Maƙwabtana a kasuwa suna ta yi mini shaƙiyanci. Shi kuwa yaron bai tako shago ba, saƙo ɗaya ya turo: "Bappa ka yi haƙuri." Zuciyata na ce mini in wanke hannuna, amma ina jin nauyin mahaifinsa. Me kuka gani?

Wani ɗan kasuwa daga Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Alhaji, sallame shi. Kai ba don ya ci kofi kake kashe kuɗinka ba, don sunan shagonka ya shiga bakin mutane da alheri ne. Yau ya shiga da akasin haka. Wanda ya tuɓe rigarka ya jefar a gaban jama'a ai shi ya fara sallamarka. Zumuncin maƙwabtaka daban, kasuwa daban.

Tsohon ɗan wasa, Bolari:

Hamma, na yi shekaru ina riƙe sanda kafin ciwon baya ya zaunar da ni, bari in ɗan yi tsawo.

Da farko, alƙalin nan bai zalunce shi ba. A dokar hukumar duniya ta wannan wasa, WPA, in rigarka ko hannunka ya taɓa ƙwallo fawul ne, ko ƙwallon ya motsa kaɗan ne. Kuma dokar ta ba alƙali dama kan rashin ɗa'a tun daga gargaɗi, zuwa ƙwace wasan, har korar mutum daga gasa gaba ɗaya tare da hana shi kyautar da ya ci. Kai har kwance sandarka gida biyu yayin da abokin karawarka ke kan tebur a zagayen da zai raba gardama, ana ɗaukarsa ka miƙa wuya ne. To ina ga karya ta.

Amma kada a ce yaronka ne farau. Wasan nan yana da wani abu da ƙwallon ƙafa ba ta da shi: in ka yi kuskure ba ka da wurin huce haushi. Ba gudu, ba turereniya. Zama za ka yi a kujera kana kallon wani yana cinye abin da ka gina, ba ka da ikon ko tari. Wannan zaman shi ke fasa zuciyar mutane, har manya.

Akwai Earl Strickland na Amurka, wanda ya ci kofin duniya na wasan ƙwallo tara sau uku, a 1990 da 1991 da 2002. Samun mai hannu irin nasa sai an tona, amma ya yi ƙaurin suna wajen faɗa da 'yan kallo da alƙalai. A gasar Mosconi ta 2006, wadda ake karawa tsakanin Amurka da Turai, ya kuskure bugu ya maka sandarsa da ƙasa ta karye, duniya na kallo a talabijin. Sandar kuwa ta kamfanin Cuetec ce, wanda ya shafe sama da shekara goma yana ɗaukar nauyinsa. A 2007 suka raba gari. Ka ga ko mai kofin duniya uku, akwai ranar da mai biyan kuɗi ke cewa ya isa.

A ɓangaren babbar sinuka ta Ingila kuma, mai jajayen ƙwallaye 15, akwai Alex Higgins, zakaran duniya a 1972 da 1982. A 1986 ya yi wa wani jami'in gasa karo da ka, aka ci shi tarar fam 12,000 aka hana shi gasa biyar. Bai daddara ba, a 1990 kuma ya naushi wani jami'in, aka dakatar da shi kakar wasa guda cur. Daga nan bai sake komawa yadda yake ba.

Abin da nake so ka duba shi ne, waɗannan ba a kan laifin farko aka juya musu baya ba, hali ne da ya yi ta maimaituwa. Shi naka, wannan ne karo na farko ko ya saba? In ya saba kana kawar da kai saboda yana ci, to da laifinka a ciki. In na farko ne, dakatar da shi za ka yi, ba kora ba.

Wata malamar makaranta, Pantami:

Yallabai, ni ban san komai a sinuka ba sai ƙarar ƙwallayen da nake ji daga rumfar bayan gidanmu. Amma na san yara. Duk cikin bayaninka ban ji inda aka ba dattijon da aka zaga haƙuri ba. Kai an taɓa maka suna, mai tebur an yaga masa ƙyalle, duka kuɗi na gyara su. Shi alƙalin mutuncinsa aka ci a gaban 'ya'yan cikinsa. Can ya kamata a fara. Kuma "ka yi haƙuri" a waya ba ban haƙuri ba ne, ya tako da ƙafarsa. Ƙin zuwan nasa ma ina jin kunya ce ba raini ba, yaro mai raini ko saƙon ba zai turo ba.

Mai tebura biyu a Jekadafari:

Alhaji, ruwa ba ya tsami banza. Ni kullum ina bakin tebur, kuma na daɗe ban ga wanda ya karya sandarsa saboda kofi kawai ba. Ka bincika ko an zuba kuɗi a kan wasan nan. Abin da ke faruwa shi ne, a ciki ana buga gasa, a waje kuma samari sun haɗa kuɗi kan wane zai ci. In yaro ya san abokansa sun sa kuɗin da ba nasu ba a kansa, hannunsa rawa yake yi tun kafin a fasa ƙwallaye. In ya faɗi, ba alƙali yake zagi ba, abin da ke jiransa a waje yake tsoro.

Maganar ƙyalle kuma, kada ka bari a ce maka faci za a yi. Tebur da aka yi wa faci ƙwallo ba ta tafiya daidai a kansa, dole a sauya duka a ja shi sosai. Mai teburin yana da gaskiya ya nemi kuɗinsa, sai dai ba a wurinka ba. Wanda ya yaga shi zai biya.

Wani ɗan uwa:

Ni dai tun farko ban ga abin da ya kai ka ɗaukar nauyin sinuka ba. Wurin zaman banza ne da caca. Da kuɗin nan ka koya masa gyaran waya.

Tsohon ɗan wasa, Bolari:

Ɗan uwa, cacar ce matsala ba teburin ba, ana yin ta a kan ƙwallon ƙafa fiye da haka kuma ba a rufe filin Pantami ba. Amma batun koya masa gyaran waya, wannan na yarda da kai ɗari bisa ɗari.

Hamma, maganar mai tebura ita ce babba, don a wasan nan zafin rai ana yafe shi, amma kuɗin bayan fage ba a wasa da shi. Stephen Lee na Ingila, wanda ya taɓa shiga sahun biyar na farko a duniya, shekara 12 aka dakatar da shi a 2013 saboda sayar da wasa. A 2023 an hukunta 'yan wasan Sin su goma a lokaci guda, biyu daga ciki, Liang Wenbo da Li Hang, an kore su har abada. A cikin goman akwai Zhao Xintong, wanda laifinsa bai kai nasu ba, aka ba shi wata 20. Ya amsa laifinsa, ya yi zamansa, ya dawo ya faro daga ƙananan gasanni, a 2025 ya ci kofin duniya a Sheffield, ɗan ƙasar Sin na farko da ya taɓa yin haka. Don haka ka gano wane iri ne naka kafin ka yanke hukunci.

Wani ma'aikacin kotu, Tumfure:

Alhaji, tambaya ɗaya: ranar da ka ba shi rigar nan, ka gaya masa abin da kake so da abin da ba ka so? Ina kyautata zaton ba ka yi ba. Ka ba shi sanda da riga ka ce Allah ya ba da sa'a, shi kuma ya fahimci cewa cin wasa kake biya. Shi ya sa da ya faɗi ya ga kamar komai ya ƙare.

In za ka ci gaba da shi, ku rubuta takarda, ko shafi ɗaya ne, da Hausa, a gaban mahaifinsa da shaida guda. A sa abin da za ka riƙa yi masa da lokacin da yarjejeniyar za ta ƙare, misali wata shida a sake dubawa. A sa cewa hukuncin alƙali shi ne ƙarshe ko da yana ganin kuskure ne, ƙorafi sai bayan wasa wurin masu shirya gasa. A sa cewa ɓarnar da ya yi shi zai biya, kuma ranar da aka same shi da hannu a caca kan wasansa, magana ta ƙare ba sai an yi zama ba. Ba don ka kai shi kotu ba ne, don kada gobe a ce ba a faɗa ba.

Su ma masu shirya gasar da nasu. A garin nan kowace rumfa da dokarta, wani wurin taɓa ƙwallo da riga ba a ɗauke shi komai ba, wani wurin fawul bugu biyu ake bayarwa, wani wurin ka ɗauki fara ka ajiye inda kake so. Kamata ya yi a karanta doka a gaban kowa kafin a fara.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na sa mahaifinsa ya kira shi, muka zauna a zaure. Ya fi minti goma bai iya ɗaga kai ba.

Mai tebura, maganarka ta fito. Shi bai sa ko sisi ba, ya rantse, kuma na bincika wurin wasu na samu haka ne. Amma abokansa uku sun zuba kuɗi a kansa, ɗaya ma kuɗin cinikin ubangidansa ne, kuma sun gaya masa tun kafin a fara. Ya san da maganar ya yi shiru. Wannan ya fi karya sandar ɓata mini rai.

Wani abin kuma da ban faɗa muku ba saboda ban lura ba sai da na sake kallon bidiyon: rigar ta yi masa yawa. Ni na ba mai bugawa awo da ka, ban gwada shi ba. Ya ce ya so ya faɗa mini tun tuni yana jin kunya. Malam na kotu, gaskiyarka, ban taɓa zaunar da shi na ce ga abin da nake so ba.

Ga abin da muka tsayar. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ni da mahaifinsa za mu kai shi gidan alƙalin, daga nan wurin yaron da ya ci shi. Na janye sunana daga duk wata gasa har wata uku, kuma ba zan sayi wata sanda ba. Kuɗin ƙyalle zan bayar yanzu don mai tebur ya ci gaba da sana'arsa, shi kuma zai riƙa zuwa shago da safe yana koyon gyara, ana cirewa a ɗan abin da zan riƙa ba shi har ya biya. Takardar kuma Malam, in ba damuwa zan turo maka ka duba mini kafin mu sa hannu.

Abin da ya rage mini shi ne abokan nan uku, don har yanzu suna kiran wayarsa suna cewa shi ya jawo musu asara. Mahaifinsa na son a kai maganar wurin mai unguwa, ni kuma ina tsoron kada ta ƙara girma.

Mai tebura biyu a Jekadafari:

Ku kai wa mai unguwa, Alhaji, amma a kira iyayensu a yi a cikin gida. Kuma kada yaron ya biya su ko naira ɗaya, in ya biya yau to ya zama dokinsu ke nan. Ƙyallen kuma kada ka saya da kanka, ka zo in haɗa ka da mai sa mini nawa, ya san mai kyau da na bogi.