Aiki, yara da rubutun labari: ina za a samo lokaci?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Wanda ke fita aiki tun safe, ya dawo ga yara na jiransa, ta yaya zai kammala littafi? Shawarar da za a iya fara aiki da ita gobe nake nema.

Malam Mai Alƙalami: Wa alaikumus salam, Maman Biyu. A fara da lissafi. Mu ce littafin kalma 60,000 ne. Kalma 300 a rana, kwana biyar a mako, 1,500 ke nan. Mako 40 sun isa, saura mako 12 a shekara na rashin lafiyar yara, jarrabawa da ranakun da aiki ya sha kai. Kalma 300 kuwa ba ta wuce minti 25 zuwa 30 ba, in dai kin san abin da za ki rubuta kafin ki zauna. A nan ake faɗuwa: mutum ya zauna, ya cinye minti 20 yana tuno inda ya tsaya.

Anti Uwargida: Maganin wannan, ƙanwata, kada ki tashi sai kin bar wa gobe layi biyu a ƙasan shafin: wa zai shigo, me yake so, me zai hana shi. Kuma ki tsaya a tsakiyar fitowa, ba ƙarshen babi ba. Jaruma ta ɗora hannu kan ƙofa, ki ajiye alƙalami. Gobe buɗe ƙofar kawai za ki yi. Sannan ki raba aikin uku. Tunanin labari a hanya ko lokacin aikin gida. Rubutu a zaune. Gyara ranar hutu kaɗai. Mai gyara yana rubutu, babi na ɗaya zai ta gogewa har shekara ta ƙare.

Abban Yara: Ni dai sassafe nake ba da shawara, minti 30 kafin yara su farka. Kai a sake yake, ba mai kira. Sharaɗinsa a kwanta da wuri da minti 30 ɗin, domin babba na buƙatar barcin awa bakwai. Wanda ya yanke barci, mako biyu zai yi ya watsar.

Anti Uwargida: Abban Yara, wannan bai dace da mai goyo ba. Wadda ta tashi sau uku cikin dare ba ta da safiyar da za ta bayar. Ita guntaye za ta tara: minti goma a hutun rana a wurin aiki, minti goma in jariri ya yi barci, kalma 100 kowane zama. Makon da yaro ba lafiya, jimla ɗaya a rana ta wadatar, don kada zaren ya tsinke.

Yaya Babba: Batun waya. A kashe data kafin a buɗe fayil, in ba haka ba saƙo ɗaya zai tafi da zaman. Google Docs, wato manhajar rubutu ta Google, na aiki ba intanet idan an saita fayil ɗin tun da farko, yana kuma adana tsofaffin gyare-gyare. Kowane babi fayil nasa, don fayil mai tsawo na nauyi a ƙaramar waya. A ƙara Hausa a Gboard, wato madannan rubutu na waya, saboda ƙ, ɗ, ɓ. Bin littafi guda ana sa lanƙwasa daga baya aikin kwanaki ne. Kada a ajiye labari a WhatsApp ko cikin wayar kaɗai, duk mako a tura kwafi imel.

Maman Biyu: Yaya, naɗar murya fa? Ana yabonta.

Yaya Babba: Tana da kyau wajen kama hirar taurarin labari, amma bashi ce. Maganar minti biyar kan kai kalma 600, kwafarta kuma ta ci kusan minti 20. Ki riƙa naɗar minti biyu, ki kwafe a ranar. In suka taru ba za ki koma kansu ba.

Malam Mai Alƙalami: Masu sakin labari kashi-kashi, kada ku fara sai kuna da kashi goma a hannu, kuma ku yi alkawarin biyu a mako, ba kullum ba. Masu karatu na matsawa, marubuci ya shiga cika shafi da surutu, labari ya yi sanyi.

Abban Yara: A kuma zauna da mai gida ko uwargida a yanka awa biyu a ƙarshen mako, ɗaya ya riƙe yara, mako mai zuwa a rama masa. Yaran da suka kai shekara biyar a ajiye musu agogo: in ya yi ƙara, Mama ta gama. A fara da minti 15, kuma yana yin ƙara a tashi, ko da jimla ba ta ƙare ba. In aka saɓa sau biyu, sun daina yarda da agogon.