Galahanga da waya: abin da iyaye da malamai suka ce

A zaman iyaye da malaman yara masu lalurar galahanga, an fi daɗewa kan manhajojin da ke magana a madadin yaro, irin su Proloquo2Go da ta fito a 2009. Yaro ya taɓa hoton kofi, waya ta ce "ruwa". Wata uwa ta ji tsoron kada ɗanta ya daina ƙoƙarin furta kalma. Malamai suka ce ta kwantar da hankalinta, bincike bai nuna haka ba. Sharaɗin dai babba ya zauna kusa, shi ma yana taɓa hotunan, musamman lokacin cin abinci. A rage ƙara da hasken allo. Miƙa wa yaro waya don kawai ya yi shiru kuwa, kowa ya kushe shi. In manhaja ta yi tsada, katunan hoto na kwali ma suna aiki.