Shekara huɗu ina leburanci, ta ina zan zama birkila?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema.

Shekarata huɗu ina leburanci a wuraren gini a Kano, yawanci wajen Hotoro da Mariri. Kwaɓin siminti, dakon bulo, hawa da kwano ranar dakin (wato zuba kankaren rufin bene), babu wanda ban iya ba. Amma har yau maigidana bai bar ni na ɗora layin bulo ɗaya ba. Da na ɗauki cokalin gini sai ya ce, "Ajiye, kai dai kawo kwaɓi." Ban riƙe shi a zuci ba, shi ya ɗauko ni daga gida, sai dai ga shi na yi aure, kuɗin yini ba ya kai mu ko'ina.

In an tashi nakan tsaya na gwada jera bulo da ragowar kwaɓi, na ja igiya. Kusurwa ce kullum take karkace mini.

Wani ya ce na nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ake farawa daga mataki na 3. Shin 'yan kwangila suna dubanta, ko hannu kawai suke kallo? Kuma in na koma wurin wani birkilan, yaya zan yi sallama da maigidana ba tare da mun ɓata ba?